Kayan Gida da Kasuwa: Tsohon injin wanki mai ƙofa a gaba, a saya ko a bari?

A gidajen ma'aikata da na ƴan kasuwa a birnin Tawa, ba abin mamaki ba ne a tarar da wani farin akwatin ƙarfe mai kewayayyar ƙofar gilashi a jingine ƙarƙashin rumfa, an jibga masa tabarmi da tukwane, kaji kuma sun mai da bayansa wurin saka ƙwai. Injin wanki ke nan irin na da, wanda ake zuba wa tufafi ta gaba. Wani tun ranar da ya tsaya ba a sake buɗe shi ba. Wani kuwa lafiyarsa lau, tsoron faktir ɗin wuta ne kawai ya sa maigida ya hana a taɓa shi. A gefe guda kuma dillalan kayan gida suna ta tallar ire-irensa, kowa da rantsuwarsa: "Alhaji, ai wannan na Bature ne, irinsa ba ya mutuwa." Abin da ke gaban mai albashi da mai shago ɗaya ne, wato a gane wanda ya cancanci a kashe masa kuɗi da wanda zai cinye jika bayan jika ya koma ƙarƙashin rumfa.

Hanyoyin da waɗannan injuna suka bi suka iso Adar suna da yawa. Tawa ce bakin hanyar yuraniyom da aka shimfiɗa zuwa Agadas da Arlit a ƙarshen shekarun 1970, kuma al'ada ce idan ma'aikacin waje ya gama wa'adinsa ya sayar da kayan ɗakinsa kafin ya hau jirgi. Haka abin yake ga ma'aikatan kamfanonin haƙar ma'adinai, har zuwa rufe Cominak a Akokan cikin watan Maris na 2021, haka kuma ga ma'aikatan manyan ayyukan raya karkara irin na Keita, wanda ƙasar Italiya ta soma ɗaukar nauyinsa a 1984. Ga kuma ƴan Adar masu tafiya ci-rani Abijan da Libiya da Aljeriya, waɗanda ba su cika dawowa hannu sake ba. Mafi yawa dai kayan gwanjo ne daga Turai, da suka daɗe suna sauka a tashar Kwatano, kafin rufe iyakar Benin a 2023 ya karkata fatake zuwa tashar Lome.

Shi injin kansa ya girmi yawancin masu sayensa. Kamfanin Bendix na Amurka ne ya fara fitar da mai ƙofa a gaba da ke gudanar da wanki shi kaɗai, a shekarar 1937, kuma sai an ɗaure shi da kusoshi a daɓen ɗaki, in ba haka ba ya kama tafiya lokacin matsa. Turawan Jamus da na Italiya suka karɓi fasalin bayan yaƙin duniya na biyu, suka rataye tukunyar a kan waya mai lanƙwasa, suka ɗaura mata nauyin siminti. Faransawa kuwa sun fi son siririn inji mai buɗewa ta sama, irin su Brandt da Vedette da Thomson, shi ya sa ake yawan ganinsa a ƙasashen da suka yi wa mulkin mallaka. Kada buɗewar ta ruɗi mai saye: gangarsa a kwance take juyawa kamar ta mai ƙofa a gaba, kuma kusan duk abin da za a faɗa a nan ya shafe shi.

Shekarun inji a jikinsa suke

Mai sayarwa zai faɗi shekarun da suka yi masa daɗi, amma injin yana ɗauke da takardar haihuwarsa. Ƙaramin allo ne na ƙarfe ko na leda, wanda ake liƙawa a bakin ƙofa daga ciki, ko a murfin rariyar ƙasa, ko a baya. Abu na farko da za a karanta a kansa shi ne ƙarfin wuta. A Nijar wuta bolt 220 ce mai bugu 50, don haka injin da aka rubuta wa 220 ko 230 ko 240 da 50 Hz ya dace. Wanda aka rubuta wa 110 ko 120 da 60 Hz na Amurka ne, kuma ko da kyauta aka bayar da shi wahala ce, domin ko an sayo masa na'urar rage wuta, motarsa da agogonsa ba za su yi gudun da aka ƙera su a kai ba.

Daga nan sai shekara. Injin da aka rubuta wa W. Germany an ƙera shi ne tun Jamus tana rabe biyu, wato bai wuce wajejen 1990 ba. Wanda ke ɗauke da tambarin CE kuwa daga tsakiyar shekarun 1990 ne zuwa sama. Kamfanonin Bosch da Siemens sun sauƙaƙa lissafin: akwai haruffan FD da lambobi huɗu a gabansu, a ƙara 20 a kan biyun farko a sami shekara, biyun ƙarshe kuma wata ne. FD 7203 na nufin watan Maris na 1992, FD 8011 kuma Nuwamba na 2000. A wajen Zanussi da Arthur Martin, waɗanda Electrolux ya saye, na farko a 1984 na biyu tun 1976, lambar farko ta jerin lambobin inji ita ce ƙarshen shekara, biyun da ke bin ta kuma mako ne; sai dai ba ta faɗin ko 1988 ce ko 1998, a nan fasalin injin ne zai raba gardama. Ya kamata a kwafe duk abin da ke kan allon nan a ajiye tare da takardun gida, domin rana da ƙura suna goge rubutun, kuma da waɗannan lambobi ne ɗan'uwa da ke Yamai ko Kano ko Setif zai nemo kayan gyara. An ambaci Setif ne saboda a 2014 kamfanin Cevital na Aljeriya ya saye Brandt, ya kuma gina masana'antar injunan wanki a wannan birni.

Babban abin da ya raba tsohon inji da na yanzu shi ne abin da ke ba shi umarni. Na da yana da agogo, wanda masu gyara ke ce wa purogaramatar: maɓalli ne da ake murzawa yana ƙas-ƙas, a bayansa akwai ƴar ƙaramar mota da ke juya wasu faya-fayai masu haƙora, su kuma suna haɗa wayoyi suna rabawa. Na yanzu kati ne irin na kwamfuta, mai fitilu da lambobi. A ƙasar da wuta take tsaye daram, katin ya fi, don yana auna kaya yana rage ruwa. A Adar kuwa lissafin ya sha bamban.

Jihar Tawa tana rukuni ɗaya da Maraɗi da Damagaram a tsarin rabon wuta na Nigelec, rukunin da ya daɗe yana dogara da layin da ya taso daga Katsina. An ƙara masa tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 a 2018, amma kowa ya ga abin da ya faru lokacin da Najeriya ta yanke wutar a watan Agusta na 2023, ba ta maido ba sai Maris na 2024. Ko ba rikicin siyasa, watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40 kowa ya kunna fanka da firij, lokaci ne na ɗauke wuta da dawowarta da ƙarfi. Injin mai agogo idan wuta ta tafi sai ya tsaya inda yake, idan ta dawo ya ɗora daga nan, ba ruwansa. Katin kuwa bugu ɗaya na wuta ya isa ya ƙone shi, kuma katin wani inji ba ya shiga wani, ko da sunan kamfaninsu ɗaya.

Haka zancen yake a wajen ruwa. Masu ƙera injunan suna neman ruwa mai ƙarfin da bai kasa na tankin da ke sama da mita 5 zuwa 10 ba, alhali tankin da ke bisa rufin gida bai fi mita 3 ko 4 ba, pampon unguwa kuma wani lokaci da ƙyar yake ɗiga. Inji mai kati yana ba ruwa ƴan mintoci, in bai cika ba ya nuna lambar kuskure ya daina aiki. Mai agogo yana da haƙuri: ba zai matsa gaba ba sai ma'aunin da ke cikinsa ya ji ruwa ya kai inda ake so. Har ma ana iya zuba masa ruwa da bokiti ta aljihun sabulu, a ji ma'aunin ya yi ƙas, ganga ta soma juyawa. Abin kiyayewa shi ne kada a bar shi yana jiran ruwa sa'o'i a banza, domin ƙofar ruwan da wuta take aiki, tana zafi har ta ƙone.

To amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Injin shekarun 1970 da 1980 yana shan lita 100 zuwa 150 a wanki ɗaya na kilo 5, alhali na yanzu bai cika wuce lita 50 ba. A ɗauki lita 120: kusan bido biyar ke nan masu cin lita 25, kuma wanki biyu a mako ya tasam ma lita 1000 a wata. Ga gidan da ke da kontar ɗinsa na kamfanin ruwa, wato NDE da ya gaji SEEN a farkon 2024, wannan ba abin tada hankali ba ne. Ga gidan da ƴan garuwa ke kawo wa ruwa, ko garuruwan arewa irin su Abalak da Cintabaradan da Tiliya, inda a bazara mutum da dabba ke layi a rijiya ɗaya, tsohon inji almubazzaranci ne, kuma babu dabarar gyaran da za ta sauya haka. Mai irin wannan gida ya fi dacewa da injin roba mai tukunya biyu, wanda ake cika wa ruwa da hannu, a yi wanki biyu ko uku da ruwan sabulu ɗaya. Bai kai tsohon ƙarko ba, bai kai shi fitar da dauɗa ba, amma ya san darajar ruwa.

Kafin a biya kuɗi

Duk injin da mai shi ya ƙi yarda a haɗa masa wuta da ruwa, kuɗin ƙarfe ya kamata a taya shi. Fatake masu sayen kwantena sukutum su ma su sani, tun 2012 dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa mai fitar da tsofaffin kayan lantarki ya nuna shaidar an gwada su suna aiki; kayan da aka rubuta wa "ba a gwada ba" sau da yawa shara ce aka sauya wa suna.

Gwajin farko ba ya buƙatar wuta. A buɗe ƙofa, a sa hannu a juya gangar da ƙarfi, a kasa kunne. Mai lafiya tana juyawa shiru. Idan aka ji gurnani kamar na amalanke a kan tsakuwa, to rulma sun ci, su ne waɗanda ƴan kasuwar Sakkwato da Kano ke kira boris. Sannan a kama leɓen gangar daga sama a ɗaga a sauke. Ganga ta ciki mai huji-huji da tukunyar waje mai riƙe ruwa su motsa tare. In ta ciki tana rawa ita kaɗai, akwai magana. A kwance murfin baya a duba ƙarƙashin babban pulin: zanen tsatsa da ya gangaro daga tsakiya alama ce ruwa ya daɗe yana ratsa robar da ke tsare rulma.

Lalacewar rulma kaɗai ba ta isa a fasa ciniki ba, in dai tukunyar mai kwancewa ce. A nan ne tsohon inji ya yi wa na yanzu nisa. Tukunyarsa ta ƙarfe ce, an haɗa ta da kusoshi ko da zobe, ana buɗewa a fitar da rulma a sa sababbi. Kuma ba wasu rulma ne na musamman ba. Lambarsu tana jikinsu, 6204 ko 6205 ko 6206 da makamantansu, masu ramin milimita 20 da 25 da 30, irin waɗanda ke cikin injin ban-ruwa da injin niƙa, ana samunsu a shagunan kayan mota na Tawa da Ƙwanni. Yawancin injunan da aka ƙera a shekarun baya-bayan nan kuwa tukunyarsu ta roba ce da aka narke bakinta aka manne, rulma ta jika kaɗan ta lalace a ce sai an sayi tukunya da ganga gaba ɗaya. Abin ya dami Turawan kansu, har Faransa ta soma tilasta liƙa wa injunan wanki maki daga 1 zuwa 10 na sauƙin gyara a watan Janairu na 2021, Tarayyar Turai kuma daga Maris na wannan shekara ta wajabta wa kamfanoni su tanadi kayan gyara har shekaru 10. Abin da makanikin Tawa ya daɗe da sani ke nan, da tsohuwar zuma ake magani.

Sharaɗi ɗaya ne: duk ranar da aka sauya rulma a sauya robar da ke gabansu, a shafe ta da man giris. Ita ma girmanta yana rubuce a jikinta, lambobi uku. Mai gyaran da ya mai da tsohuwar roba don ya rage wa maigida kuɗi ya cuce shi, domin kafin damina ta zagayo ruwa ya sake shiga.

Ciwon da ba shi da magani yana bayan ganga. Akwai wani ƙarfe mai ƙafa uku kamar duwatsun murhu, na sanholo, wanda ya haɗa gangar da sandar da ke juya ta. Sabulu da ruwan jabel suna cinsa a hankali har ya rube ya tsage. Alamarsa ita ce ganga ta karkace tana gogar robar ƙofa, ko a riƙa ganin wani farin gari mai kama da toka a rariya. Walda ba ta riƙe shi, domin gangar da ke juyi 500 ko 800 a minti da jiƙaƙƙen kaya ba ta yafe ƙaramar karkata. Sai dai a sami wani mataccen inji irinsa sak a cire. Haka kuma tukunyar da tsatsa ta huda, da agogon da haƙoransa suka karye. Waɗannan uku in an gan su, a yi wa dillali sallama cikin mutunci.

Sauran cututtukan kusan duk masu sauƙi ne, kuma su ne suka kwantar da yawancin injunan da ke ƙarƙashin rumfuna. Inji ya ƙi zubar da ruwa: a buɗe ɗan murfin da ke ƙasa ta gaba, a tara kwano, a murɗe rariyar pampo, abin da ake tararwa a ciki ya isa a buɗe ƙaramin shago, dala biyar da dala ashirin, maɓallai, allurar ɗan kwali, tsinken sakace, ƙwayar carbi. Inji ya ƙi shan ruwa: a kwance tiyo daga baya, akwai ƴar rariya a bakin ƙofar ruwa da rairayi ke toshewa. Mota tana kuka ganga ba ta juyawa: kuruwa ce ta tsinke ko ta zame, tsawonta da yawan layukanta suna rubuce a bayanta. Mota tana gurnani ba ta tashi sai an tura gangar da hannu: kondansatar ce ta mutu, masu gyaran firij suna da ita, a dai sa mai lamba daidai da tsohuwar. A injunan da suka ɗan fi sabunta, motar tana da gawayi biyu da ake kira sharbo, suna ƙarewa kamar alli. Idan suka rage ƙasa da santimita ɗaya sai a ga tartsatsi ko ganga ta tsaya, kuma sauya su aikin rabin sa'a ne. Inji yana ta shan ruwa ba ya ƙoshi har ya malalo: a duba siririn tiyon da ya tashi daga gindin tukunya zuwa ma'aunin ruwa, ko ya toshe da dattin sabulu ko ɓera ya huda shi. Ƙofa kuwa in ta ƙi buɗewa nan take bayan wanki, ba lalacewa ba ce, an yi ta ne ta jira minti biyu ko uku. Hannayen ƙofa da yawa sun karye a hannun masu gaggawa.

Akwai wata matsala da ke ruɗa har masu gyara. Inji ya kai wani wuri a wanki ya ƙi wucewa, ganga tana ta juyi sa'a biyu, sai a ɗora wa agogo laifi a kwance shi a ɓata. Sau da yawa agogon ba shi da laifi, jira yake ruwa ya kai zafin da aka zaɓa, ƙarfen dafa ruwan kuwa ya ƙone. Ana gane haka da na'urar awo: rezistans mai wat 2000 tana nuna kimanin om 24, matacciya ba ta nuna komai. Wannan ƙarfe shi ne kuma mai cin wutar da ake tsoro. Motar wanki ba ta wuce wat ɗari-ɗari ba, shi kuwa shi kaɗai ya kusa cinye abin da layi mai amfiya 10 ke iya ɗauka, wato wat 2200. Ɗumama lita 20 daga digiri 30 zuwa 60 yana cin kimanin kashi bakwai cikin goma na kilowat-awa, kuma a garin da ruwan tanki ke ƙona hannu da azahar, biyan Nigelec kuɗin dafa ruwa abin dariya ne. A mai da maɓallin zafi kan alamar sanyi, ba a yanke waya ba, don yanke wayar ne ke sa agogo ya tsaya jiran abin da ba zai zo ba. Da haka ne ma masu farantan hasken rana da masu ƙaramin janareta za su iya tada shi.

Maganar da ba ta son wasa

Injin wanki ƙarfe ne da ruwa da wuta a wuri ɗaya, kuma wanda ke tsaye gabansa ba takalmi a jiƙaƙƙen daɓe yawanci uwargida ce, ko ƴar aiki, ko yaro. Gidaje da yawa wayoyi biyu kawai aka ja musu, babu ta uku mai zuwa ƙasa. Tsohuwar rezistans idan ta tsage, wuta tana bi ta ruwa ta hau jikin injin. Wanda ya taɓa ya ji ɗan cizo kada ya ce halin injin ne, gargaɗi ne. Dole a kafa sandar tagulla a haɗa ta da jikin injin, kuma tun da busasshen rairayin Adar ba ya karɓar wuta da kyau a rani, a kafa ta da zurfi a wurin da ke da danshi. A ƙara da makatsin wuta mai lamba 30 mA, wanda ke yankewa da kansa da zarar wuta ta soma zurara. Kuɗinsa bai kai na kwana ɗaya a asibiti ba. Mai gyara kuma ya zare waya daga bango kafin ya kwance ko kusa ɗaya, ya tuna kondansatar tana riƙe wuta ko bayan an zare.

Kulawar yau da kullum ba ta da wuya, sai dai ƙasar tana da nata sharuɗɗa. Rairayi ne babban abokin gaba: kayan wanda ya sauko daga Tasara ko ya kwana a hanyar Abalak sai an kakkaɓe su sosai, barguna da tabarmin salla ma haka, domin rairayin da ya shiga tukunya yana goge robar rulma kamar magagari. A ajiye injin a inuwa bisa daɓen siminti mai daidai, ƙafafu huɗu duk a ƙasa, tun da rana tana busar da roba ta farfashe. Lokacin hunturu a lulluɓe shi da zane, a toshe ƙasansa da ragar waya saboda ɓeraye. Bayan wanki a bar ƙofa a buɗe kaɗan, a share ruwan da ya kwanta a ninkin roba, amma a leƙa ciki kafin a kunna, don yara da kyanwa suna son wannan rami. Bakin tiyon zubar da ruwa ya kasance sama da ƙasa da santimita 60 zuwa 90, in ya kwanta a ƙasa ruwa zai riƙa fita yana shiga. Ruwan ɗaurayar ƙarshe kuma a tare shi a tano, ya isa shara da ban-ruwan dogon yaro.

Garin sabulun da ake sayarwa ƙulli-ƙulli don wankin hannu kumfa gare shi, shi kuwa wannan inji da faɗuwar kaya daga sama yake wanki, kumfa tana hana shi, tana kuma malalowa kan mota. In ba a sami na inji ba, a zuba rabin abin da hannu ya saba. Ƙasar Adar ƙasar farar ƙasa ce, ita ta sa aka kafa masana'antar siminti a Malbaza, don haka uwargida ta duba gindin butar shayi: in yana yin farin ɓawo, to haka rezistans take yi. Abu mai tsami ne ke narkar da shi, binegar fari ko garin tsamin lemo, a zuba a juya injin ba kaya sau biyu ko uku a shekara. Kanwa ba ta wannan aiki, ƙarfen nan mai ƙafa uku ma take ci.

Ba kowane tufafi ne na ganga ba. Shadda mai tsada da galila suna rasa ƙyallinsu, aikin allurar babbar riga yana tsinkewa, rawanin turkuɗi irin na Kura da mutanen Azawak ke ji da shi kuwa ko ruwa ba a nuna masa, balle inji. Wanda ya jefa shi ciki zai fitar da kayan gidan duka shuɗɗa. Waɗannan har gobe na masu wanki da guga ne da maɓuga. Aikin inji shi ne zannuwan gado, kayan ƴan lakwal, tawul, atamfar yau da kullum. Ƙarancin gudunsa wajen matsa, da ake yi masa gori a Turai, ba komai ba ne a garin da riga ke bushewa kafin a gama shanya ta ƙarshe.

Ɗan kasuwar da ke shirin buɗe shagon wanki da tsofaffin injunan gida ya yi wannan lissafi tukuna. Miele, wanda ake yi wa kallon sarkin ƙarko, yana gwada injunansa a kan wanki 5000, abin da ya ƙiyasta shekaru 20 a gida mai wanki biyar a mako. Shagon da ke wanki shida a rana zai cinye wannan adadi kafin shekara uku, a kan injin da ya riga ya ci rabin rayuwarsa a wani gida. Mai wannan niyya ya sayi uku iri ɗaya, biyu suna aiki ɗaya yana ba da kayan gyara.

Injin da ya mutu murus ma ba a miƙa wa masu sayen ƙarfe a kilo sukutum. Gangarsa ba ta tsatsa, masu gashin nama da maƙera suna sonta. Motarsa tana juya dutsen wasa wuƙa. Gilashin ƙofa kwano ne mai kauri. Pampo da ma'aunin ruwa da ƙofar ruwa suna shiga injuna da dama. Agogon kuwa, in haƙoransa suna nan, a cire shi a hankali tare da wayoyinsa, a rubuta lambar injin a takarda a ɗaura masa, a naɗe a leda a ajiye, domin yawancin irinsa an daina ƙera su.